Hutun Sallah da yaran nazare: tiren yashi, kwaɓin fulawa, zaren makaroni, almakashi ko littafin bin layi?

Ƙanwata ce ta kira ni daga kasuwar Taminus a nan Jos, hayaniyar 'yan keke har ta fi muryarta, wai tana tsaye gaban mai littattafai ta rasa abin da za ta ɗauka. "Yaya, malamarsu ta ce hannun yaron nan bai faɗa ba, ga hutun Sallah ya zo, in sayi littafin da ake bin ɗigo-ɗigo ne ko wannan kwaɓin mai kala-kala?" Yaron shekararsa 3 da 'yan watanni fa. Na ce ta mayar da kuɗinta jaka tukuna ta biyo ta gida mu yi magana, to abin da na gaya mata ne nake so in baje a nan don na san ba ita kaɗai ba ce a wannan tsaka mai wuyar.

Abu na farko da nake dubawa shi ne me abin zai yi wa yatsu. Rubutu aikin yatsu uku ne, babban yatsa da manuniya da na tsakiya, kuma ƙaramin yaro da dunƙulen hannu yake fara damƙar fensir kamar mai riƙe muciya, sai wajen shekara 4 zuwa 5 yawancinsu suke komawa riƙon yatsu uku. Ba lalaci ba ne. Wuyan hannun mutum ƙananan ƙasusuwa 8 ne, a shekara 3 waɗanda suka fara zama ƙashi ba su wuce uku zuwa huɗu ba, sauran duk guringuntsi ne. Haka ma zane yana da nasa matakin: miƙaƙƙen layi wajen shekara 2, zagaye wajen 3, alamar tarawa wajen 4, mai kusurwa uku kuwa sai wajen 5. Ke nan harafin A da kowane littafi yake farawa da shi yana cikin masu wahala saboda layukansa a karkace suke, gara L da T da H da O da lamba 1 da 0.

Bayan wannan sai kuɗi, sai ƙarko wato kwana nawa abin zai yi kafin ya zama shara, sai sauƙi a wajenki ke uwa don duk wanda ya san babbar Sallah ya san kwana uku ana kan suya da gyaran kayan ciki da rabon nama, ba ki da hannun zama kusa da yaro awa guda. Na ƙarshe haɗari, kuma shi ba na wasa da shi, za ki ji dalili in mun zo kan wake.

Tiren yashi

Tire ko faifai mai ɗan zurfi, a zuba yashi mai laushi ya rufe ƙasan kawai, ki rubuta harafi a kwali ki jingina a gabansa, shi kuma ya kwaikwaya da yatsa. Ya ɓata, ya girgiza tiren, ya sake. Daɗinsa ke nan, babu kuskuren da yake zama a takarda yana kallonsa balle a yi kuka a nemi magogi. Dabarar ba sabuwa ba ce, Maria Montessori likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907 haruffan sanfefa take ba yara su shafa da yatsa kafin su taɓa fensir, kuma ke ma za ki iya, sanfefa tana nan a Katako wajen masu katako, ki yanka harafi ki manna a kwali shi ke nan.

Kuɗi kusan babu. Ƙarko kuwa sai dai in an ɓarar, kuma za a ɓarar, don haka shimfiɗa tabarma ko buhu a ƙasa. Yashin ki wanke shi ki shanya ki tankaɗe da rariya, kuma mu nan Jos a kiyayi ɗebowa daga tsofaffin ramukan kuza ko tarin ƙasar da aka wanke kuza aka bari, akwai ma'adanai masu fitar da tururi mai cutarwa a cikinta, yashin gini mai tsabta ya isa. Wasu gishiri suke zubawa don fari ne yana fito da rubutu ras, amma babbar Sallah a shekarun nan cikin damina take faɗowa, gishiri kuma da ya ji danshin Jos sai ya jiƙe ya dunƙule, ga zafi in ya shiga ido.

Inda ya fi ƙarfi siffar harafi ce da inda ake farawa. Ga masu zuwa Islamiyya ma yana da kyau sosai, alif da ba da ta daga dama, ABC daga hagu, ni raba musu lokaci nake yi, boko da safe Larabci da yamma, kada kan yaro ya ɗaure. Inda yake da rauni shi ne ba ya ƙara wa yatsu ƙarfi, yatsa ɗaya ne yake yawo a abu mai laushi.

Kwaɓin fulawa

Nan zan daɗe don shi ne zaɓina. Mu da muka tashi muna gina shanu da 'yan tukwane da laka a bayan gida ba wanda ya taɓa ce mana motsa yatsu muke yi, amma shi ne. Murzawa, matsawa, tsinkewa, naɗewa, duk ƙananan jijiyoyin tafin hannu da rubutu yake buƙata suna aiki, kuma yaro ba ya jin karatu ake yi.

Na kanti akwai, Play-Doh ya fi suna, abin dariya ma asalinsa na goge bangon ɗaki ne kafin a mayar da shi kayan wasa a 1956. Yana da laushi da kala mai kyau amma ɗan gwangwani kaɗan ne ga tsada, kuma rana ɗaya ce kalolin nan za su haɗe su koma ruwan ƙasa, in kuma an bar murfin a buɗe cikin hunturu to kashegari dutse ne. Akwai masu araha marasa suna da ake zubawa a faranti a kasuwa, wasu suna da wari kamar kananzir suna barin kala a hannu, waɗannan kam ni ba na kawo su gida.

Na gida: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, cokali 2 na man gyaɗa, ruwan ɗumi kusan kofi 1 ana zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya daina kama hannu, ɗan matsin lemun tsami yana ƙara masa kwana. Kala kuwa ruwan zoɓo yana ba da ja mai duhu, kurkum yana ba da rawaya. A roba mai murfi ko leda ɗaurarriya yana yin sati zuwa biyu, in akwai wuta aka sa a firij ya fi haka, da ya fara tsami ko fumfuna sai a zubar a sake. Minti goma ya isa haɗawa, ki yi shi ana jibi Sallah kafin aiki ya rincaɓe.

Yadda muke yi a gidana, in ce a gina min ragon layya, sai a mulmula jiki, a murza ƙafafu huɗu ana ƙirgawa, ƙaho biyu a lanƙwasa, kuma lanƙwasar ƙahon nan ita ce C, ita ce rabin S. Daga nan a murza dogon maciji a kwanta shi kan babban R da na rubuta a kwali. Sai tsire, a tsinka nama biyar a jera, ga lamba 5 a gefe. Wannan jerawar tana da muhimmanci, yara da yawa suna rera wan, tu, tiri har ashirin kamar waƙa amma ki ce miƙo min cokali uku sai su kwaso duka. In an ba shi naira ashirin na barka da Sallah juya masa bayanta ki nuna masa Ladi Kwali tana ginin tukunya, ki ce ka ga ita ma da laka ta fara har ta hau kan kuɗi.

Haɗarinsa ci ne. Gishirin ya yi yawa ga cikin yaro kuma ɗanyar fulawa ba ta ciwuwa, yawanci lasa ɗaya suke yi su tofar, amma mai rarrafe a nisanta shi. Sai kuma wata matsala da ba ta likita ba. Ranar da surukata ta tarar da jikokinta suna murza fulawa a tabarma salati ta saka, "Yanzu abincin ne ya zama abin wasa a gidan nan?" Na ce Mama ki yi haƙuri karatu ne, ta ce ita ba ta taɓa ganin karatun da ake yi da cincin ba. Kuma tana da gaskiyarta a tsadar nan. In gidanku haka ne a nemi yumɓu wajen masu tukwane, ya ma fi tauri don haka ya fi gina yatsu, wanki ne dai zai ƙaru.

Zare da makaroni

Igiyar takalmi ta fi zare saboda bakinta mai tauri, sai makaroni mai rami, ko robar zuƙar lemo a yayyanka wadda dama za ta cika gida ranar Sallah. Ki ɗaura kwali mai lamba a ƙarshen igiyar, 3, 6, 10, ya zura daidai adadin, a ƙarshe ya samu sarƙar Sallah ko ɗan carbinsa irin na Baba. Wajen lissafi da haɗa ido da hannu babu kamarsa a jerin nan, hannu ɗaya na riƙe ɗaya na zurawa kamar yadda ake dafe takarda ana rubutu. Wajen haruffa kuwa ba ya taɓuka komai sai in za ki rubuta su a murafan kwalba ki huda.

Araha ne, yana shiga jaka, makaronin dai yana farfashewa in aka taka. Amma shi ya fi kowanne haɗari. Autata tana da shekara 3 muna ƙirga wake a faranti, na tashi in duba mai a wuta, ko minti biyu ban yi ba, da dare sai ga ta tana ta murza hanci ɗaya tana kuka. Ƙwayar wake ce, kuma wake in ya ji danshi kumbura yake yi, a asibiti muka ƙare daren aka ciro shi. Tun daga ranar na bar ƙirga da wake da masara da tsakiya ƙanana. In ya faru da ke kar ki sa tsinke ko ashana, turawa ciki za ki yi. Ma'auni mai sauƙi, duk abin da ya wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu bai dace da ɗan ƙasa da shekara 3 ba, igiya kuma kar ta kai tsawon da za ta naɗe wuya, a kwance sarƙar kafin barci.

Tunda ana maganar haɗiya bari in saka wannan, tabarau da agogon roba da bindigogi masu walƙiya da ake saya wa yara da Sallah, da yawansu ƙaramin batir ne mai kamar maɓalli a ciki, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2. A duba murfin yana da noti ko babu.

Almakashi da gam

Katin barka da Sallah na kai wa Kaka da Gwaggo. A yanka jinjirin wata da tauraro, a manna, ki rubuta harafin farko na sunansa da girma ya bi da yagaggun takardu masu kala yana mannawa. Ko ki zana rago a kwalin indomi ya cika masa jiki da auduga, ki ce dunƙule bakwai, ya tsinka ya mulmula ya manna. Buɗewa da rufe almakashi yatsun rubutun nan ne dai suke yi, shi ya sa yake da amfani sosai. Ɗan shekara 3 datsa bakin takarda kawai zai iya, bin layi sai wajen 4, wanda bai kai ba ya yaga da hannu, shi ma aiki ne.

Kuɗinsa matsakaici, almakashin yara mai dunƙulen baki sau ɗaya za ki saya ya shekara, gam fari na ruwa ko ki dama sitaci, kar dai a kusanto da sufa gulu. Matsalarsa shi ne ba a barin yaro da shi ko na ƙiftawar ido, ƙarshenta gefen sabuwar shadda ko jelar kitson Sallar ƙanwarsa. Ke nan ba na ranar Sallah ba ne, na kwana na huɗu ne lokacin da baƙi suka ragu. In yaronki bahago ne almakashin dama zai riƙa tauna masa takarda, ba rashin iyawa ba ne, kuma don Allah a koya masa ci da karɓa da dama amma a bar masa rubutunsa a hannun da ya faɗa.

Littafin bin layi, da waya

Ba na ƙin littafin, lokacinsa ne bai yi ba ga mafi yawan 'yan shekara 3. Shi ya fi sauƙi ga uwa, a miƙa fensir a koma kicin, haɗari kusan babu, kuma akwai abin nuna wa Baban su da yamma. Amma sau ɗaya ake cika shi, layukan ƙanana ne, yaron da hannunsa bai yi ƙwari ba zai danne fensir har takarda ta huje ya ce hannunsa na ciwo, daga nan ya tsani rubutu. Ga shi hotunan ciki na wata duniya ne, kuma ba za ki ga ɓ da ɗ da ƙ ba, alhali yaron da ake kira da suna mai ƙ yana da hakkin ya san ƙugiyar nan. A tire ko kwaɓi ke ce mai manhaja, ɗ na ɗan rago, ƙ na ƙaho, ɓ na ɓargo.

In an riga an saya, sa shafin cikin farar ledar fayil ya bi da maka mai gogewa, littafi ɗaya sai ya yi wa yara uku. Kuma ki karya kirayon gida biyu, guntu ba ya damƙuwa da dunƙule, dole yatsu uku su riƙe. Allo da alli ma haka, sun fi littafin araha da ƙarko. In kin ga yana juya b ta koma d ko 3 ta kalli baya kar ki ɗaga hankali, ana ganin haka har wajen shekara 7.

Waya kuwa a taƙaice, tana koyar da sunan harafi da waƙarsa, amma yatsa ɗaya ne yake sulɓi a gilashi, ba ta gina komai a hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kar su wuce awa 1 a rana gaban allon waya ko talabijin, ƙasa da haka ma ya fi.

| Abu | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi ga uwa | Haɗari | Ya fi koyar da |
|---|---|---|---|---|---|
| Tiren yashi | kusan kyauta | har sai an ɓarar | sauƙi, sai shara | shiga ido | siffar harafi da lamba |
| Kwaɓin gida | kaɗan | sati 1 zuwa 2 | haɗawa minti 10 | ci, gishiri | ƙarfin yatsu, ƙirga, harafi |
| Kwaɓin kanti | tsada | in an rufe yana jimawa | sauƙi sosai | ci | daidai da na gida |
| Zaren makaroni | kaɗan | matsakaici | sai da sa ido | shaƙewa, hanci, wuya | ƙirga |
| Almakashi da gam | matsakaici | almakashi na shekara | sai kin zauna | yanka | ƙarfin yatsu, bin layi |
| Littafin bin layi | matsakaici | sau ɗaya | ya fi sauƙi | kusan babu | riƙon fensir ga wanda ya isa |

To wa zai ɗauki wanne. In ɗanki 3 ne ko bai cika 4 ba, kwaɓi da tire, ki manta da littafi wannan hutun. In 4 ne zuwa 5 kuma ya fara riƙon yatsu uku, almakashi da allo, littafin ya shigo shafi ɗaya a rana bayan ya ɗan murza kwaɓi hannu ya saki. In haruffa ya sani lissafi ne ya tsaya masa, zare, amma kina zaune. In akwai mai rarrafe a gidan cire zaren gaba ɗaya, kwaɓin ma a kan tebur.

Masu tafiya Sallah gida Bauchi ko Kano ko ƙauye, dunƙulen kwaɓi a leda da 'yan kwalaye masu haruffa sun isa, yashi kuwa yana jiranku a can. Gidan da 'ya'yan dangi za su cika, kwaɓa kofi huɗu ki raba kowa da nasa, almakashi ɗaya tsakanin yara shida faɗa ne da kuka. In aljihu ya yi ƙasa bayan sayen rago da ɗinki, tire da murafan kwalba, ko sisi. Hutun Disamba kuma, ko ku masu Kirsimeti ne ko maƙwabta ne suke yi, abin duk ɗaya ne sai dai tauraro da ƙararrawa su maye gurbin rago, kuma a sanyin Jos na lokacin yatsun yara ƙagewa suke yi da safe, bari sai hantsi ya ɗaga, a kwaɓa da ruwan ɗumi, a rufe da wuri don iskar hunturu ba ta barin sa. Kowanne kika ɗauka minti 10 zuwa 15 ya wadatar, da ya fara jifa da kayan a tattara.

Ƙanwar tawa dai ba ta sayi littafin ba, fulawar cincin ta ɗiba kofi biyu. Washegarin Sallah ta turo min hoto a WhatsApp, wani abu mai ƙafa biyar da ƙaho ɗaya a kan murfin bokiti, gefensa an kwantar da O a karkace. Na tambaya ƙafa ta biyar fa, ta ce ta tambaye shi, wai wutsiya ce.